Atamfarki a Jikin Zuwaira

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ta dace da ke, ina fata Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce Rakiya, babbar 'yarki, daga nan Gazawa. Na san masu bin shafina ne za su karanta wannan, ba ke ba. Amma maganar taki ce, kuma ta daɗe tana cin raina.

Inna, kishin Zuwaira nake yi. Ƙanwata, ciki ɗaya. Na faɗa, kowa ya ji.

Ke kika san inda abin ya faro. Dillancin tsofaffin tufafi kike yi, kina bin gidajen hajiyoyin Maraɗi kina sayen abin da suka gaji da shi, ki kai kasuwar Cadawa. Duk ranar kasuwa Zuwaira kike ɗora wa ƙullin kaya ku shiga mota. Ni kuwa sai ki ce, "Ke ce babba, gida naki ne." In yi daka, in ɗebo ruwa, in kai wa Baba abinci gona. Da la'asar ku dawo kuna wata hira da ban san kanta ba, wace atamfa ce ciki da waje ɗaya, wace shadda ce ba ta zuba, hannun wane tela ne a wuyan wace riga. Ina tuƙa tuwo ina jin ku kuna dariya.

Ina tuna abin da kike yawan faɗa wa mata in sun ce tsohon kaya ya yi tsada. "Tsohuwar atamfar holan ɗaya ta fi mini akwati cike da sababbi. Ni in sa, 'yata ta sa, ranar da ta matsu ta sayar ta rufa wa kanta asiri." Na ji wannan tun ina yarinya, amma ba ki taɓa kama hannuna kin ɗora a kan zane kin ce in ji bambancin ba.

To, zamani ya gaskata ki. Atamfar da ake shigowa da ita yanzu ta kan iyaka sai ƙyalli, wanki biyu ta koɗe. 'Yan matan Maraɗi da Yamai kuwa sun juyo neman na da. Zuwaira tana kwance dilar gwanjo, ta zaro kwat ko jaka, ta duba sunan mai ɗinkin a ciki ta san na manyan telolin Turai ne. Mai kyau ta ajiye wa kanta, saura ta sayar. Kayan sawarta ba su tsufa, Inna, daraja suke ƙarawa. Nawa akwatin cike yake da ankon biki da ko kyauta na bayar sai an yi mini kallon raini.

Duk wannan da na haƙura. Koriyar nan ce ta tsaya mini a wuya.

Holan ɗinki mai zanen tsuntsaye, wadda telan nan ɗan Senigal ya ɗinka, wanda kika ce manyan mata layi suke bi a ƙofarsa. Wurin wata hajiya kika saye ta, ta riga ta sha sawa, kika ƙi sayarwa duk da an sha taya ta. Lokacin jinyarki a ɗakina kike. Ni ke yi miki wanka, ni ke juya ki. Ina riƙe da kofin kunu a bakinki kika ce, "Koriyar nan ta Zuwaira ce, ita ta san yadda ake riƙon ta." Na ce to. Amma kunun da ya rage ban iya shanye shi ba.

Watan jiya aka yi suna a Gangara, gidan Kawu Isa. Zuwaira ta shigo sanye da ita, ta ɗaura kallabi irin ɗaurinki. Tsofaffi suka miƙe. Gwaggo Abu ta rungume ta tana kuka, tana kiran sunanki, tana cewa Mariya ta dawo, Mariya ta dawo. Ni ina tsaye a gefe cikin sabon anko da ya fara zuba mini shuɗi a wuya saboda zufa. Ba wanda ya ce na yi kama da ke. Na zame na koma can baya wurin tukwane, inda na saba.

Can Zuwaira ta same ni. Ban bari ta buɗe baki ba, na ce, "Kin samu kasuwa, kin samu akwati, yau kuma har fuskar Inna an ba ki."

Ta tsaya tana kallona, idonta ya cika. Ta ce, "Yaya, ni tufa aka bar mini. Ina cikin mota daga Maraɗi Inna ta cika, a hannunki. Har yau ba ki faɗa mini abin da ta ce na ƙarshe ba, ni kuma tsoron tambayarki nake."

Wallahi Inna ban taɓa zaton akwai wani abu nawa da Zuwaira ke hange ba. Na faɗa mata gaskiya, cewa kika yi a ba awaki ruwa, rana ta yi. Muka tuntsire da dariya a gaban mata masu kwasar tuwo, dariyar ta koma kuka, har aka zo ana ba mu haƙuri ba a san dalili ba.

Kada ki ɗauka na warke. Da ranar kasuwa ta zagayo, Zuwaira ta zo har ƙofar gidana ta ce in shirya. Na sayar da tunkiyata muka tafi Cadawa. Ta ƙi zaɓa mini, sai dai ta kama yatsuna ta bi da su kan ɗinki, ta ce in juya ciki, in ɗaga wa rana. Na fito da wata tsohuwar shadda ruwan toka mai aikin hannu a wuya, mai nauyi, mai sanyi a fata. Ta gyaɗa kai kawai. Na ji daɗi har cikin raina, kuma a daidai lokacin na ji kishin ya taso sabo, don yadda take murza bakin zane tsakanin yatsu biyu, hannunki ne sak. Wannan ba ya sayuwa a kasuwa.

Sau ɗaya, Inna. Da sau ɗaya kika ce Zuwaira ta tsaya ta yi tuwon, ni in ɗauki ƙullin. Ba tuhumar ki nake ba. Na san gidan bai tsayuwa sai da ni, kuma na san a ɗakina kika zaɓi ki kwanta. Kewarki ce ke fitowa ta wannan hanya, ban san wata ba.

Jikokinki biyu, 'ya'yana, sun tasa, Mariya takwararki da Hafsatu. Shaddar ɗaya ce, su biyu ne, na ga har sun fara satar kallon ta. Yanzu duk ranar kasuwa tare muke tafiya mu uku. Babansu yana ta mitar abinci na makara. Na ce masa ya yi haƙuri, tuwon zai jira mu.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya suturta ki da suturar Aljanna wadda ba ta tsufa. Ya wanke mini zuciyata game da 'yar'uwata, Ya bar mu tare, Ya haɗa mu da ke a inda babu rabuwa. Amin.

Taki har kullum,
Rakiya, mai tsaron gida.