Ƙaron Mairamu

Gure, ranar kasuwa

Zuwa ga jikata Jannat, a Damagaram.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da aikinki na labo, ɗakin gwaje-gwaje. Ɗan Talata tela ne ke rubutawa, ni Aisami ke faɗa, in kin ga kuskure nasa ne.

Kin san tun shekarar da fara ta cinye gero har kara kakarki Mairamu ta dasa itatuwan dakwara masu ba da ƙaro a gonar kwari. To babanki Burahima ya rantse in masu sayen ƙaron nan ba su karɓa ba kafin ruwa ya sauka, zai sare su ya shuka gero. Su kuma sun ce sai labo ya auna. Ga ƙullin ƙaro nan wurin direba. Da hannuna na zaɓa, wanda in an jiƙa sai ya kama yatsu kamar ba zai saki ba. Ki nuna wa mashin ɗinku, ya ga abin da bai taɓa gani ba.

Na bar ki lafiya, rowa mai hana miji goro.

Damagaram

Zuwa ga angona, tsoho mai taurin kai.

Ina gaishe ka da girmamawa, a gaida Kaka. Goro na nan tafe, in akwai haƙoran.

Na jiƙa ƙaronka na sa a na'urar auna kauri. Wani ƙaramin sandan ƙarfe ne ke juyawa cikin kofi, gwargwadon wahalar da ya sha sai lamba ta fito a gilashi. Naka ya wahalar da shi ƙwarai, lambar ta wuce abin da ake so nesa. Mutanen nan cikin lemo da alewa suke zuba shi, wanda ke narkewa ya kwarara suke nema. Tsoho, gaya mini gaskiya, daga wace bishiya ka ɗebo?

Taka, Jannat.

Gure

Jannat, gaisuwa.

Daga marken bakin gona na ɗebo, ina kuma? Da shi malamai ke haɗa tawada tun kafin a haifi ubanki, ruwa ya bugi allo rubutu bai motsa ba. Kin ce a aiko ƙaron gona, na aiko wanda ya fi. Na dakwara ai ruwa-ruwa ne, kullum ina gaya wa kakarki. Mashin ɗin da bai san tawada ba, me ya sani? Ɗan Talata na dariya, na ce ya rubuta kawai.

Burahima ya kai gatari wurin maƙeri.

Damagaram

Angona, barka da haƙuri.

Ruwa-ruwan nan shi ake so. Aiko na dakwara zalla, kada ka sa ko ƙwaya ɗaya ta marke. Na kira Baba, ya yarda ya ajiye gatari har in auna. Amma Kaka ta ce masa ba mai taɓa buhunta na ƙaron dakwara sai wanda ya raina shi ya zo ya roƙa da bakinsa.

Taka, Jannat.

Gure

Jannat,

Har yanzu na marke ya fi, ki gaya wa sandan ƙarfenku. Gobe da safe, in Allah ya kai mu, zan sa babbar riga in je ƙofar ɗakin Mairamu in yi sallama. Ta riga ta gayyato maƙwabta.

Kakanki, Aisami.