Dankalinmu a Gayam, Makullinsa a Kaduna

Zuwa ga Injiniyan da ya zana mana ɗakin ajiyar dankali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Sunana Hauwa'u, ana ce mini Malama saboda ina biya wa mata karatu a wani ƙauye na gundumar Gayam, Birnin Gwari. Ba ka san ni ba, ko da yake mun taɓa yin hoto tare. Ni ce ta gefe, wadda aka ba kwando ta riƙe.

Dagaci ya isar mana da saƙonka, cewa bayan an haƙe dankalin bana za ka zo da manyan baƙi su ga ginin, don a yi irinsa a wasu ƙauyuka, kuma wai mata su sake cika shi. Ni ba mai ɗaga murya ba ce, shi ya sa na rubuto.

Na ɗaya. Mu a rami muke ajiye dankali, a inuwa, cikin gida. A shimfiɗa ciyawa, a barbaɗa toka, a bar masa kafar iska. Kuma dankali hannu yake so. Mace takan buɗe ta laluba, ta cire wanda ya fara taushi kafin ya shafi 'yan'uwansa. Ranar da ka zo ka kira wannan duhun kai. Na ji da kunnena, ina bayan zana.

Na biyu. Ka kafa ginin a tsallaken rafi, bakin hanyar daji, inda ko maza ba sa zuwa bayan la'asar. Na tambayi dalili, aka ce nan ne motarka ta iya kaiwa. To, madalla. Mutanen da wahala ta koya wa rarraba abincinsu saboda 'yan daji, kai ka tara musu shi wuri guda, ka ɗora masa rufin kwano mai walƙiya, ka kafa allo da manyan baƙaƙe. Shela kawai ka rage.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni barci. Ƙofar ƙarfe, kwaɗo ɗaya, makulli ɗaya, a aljihun jami'inku da ke zaune a Kaduna. An ce don tsaro ne, wato kada mu saci kayanmu. Sai hanya ta lalace, motoci suka daina bi, jami'in ya ce ba zai sayar da ransa a kan dankali ba. Ban ga laifinsa ba, yana da 'ya'ya. Amma wanda ya zauna ya tsara wa Birnin Gwari ɗakin da ba ya buɗuwa sai hanyar Kaduna ta yi kyau, ban san wace Birnin Gwari aka ba shi labari ba.

Zafi ya shigo. Muka riƙa tsallaka rafi da hantsi, mu tsaya a bakin ƙofa, muna jin warin abincinmu. Baƙin ruwa na tsiyayowa ta ƙarƙashin ƙofar. Samari suka so ɓalle kwaɗon, dagaci ya hana, don an rubuta a jiki cewa wanda ya taɓa zai gamu da hukuma. Ranar da aka buɗe, ko shanun Fulani sun sunsuna sun kau da kai. Yanzu duk ƙauyen Tukunyar Injiniya ake kiran wurin, don an ce ba a taɓa ganin tukunyar da ke dahuwa ba wuta ba sai taka.

Su suna iya dariya, ni ba na iyawa. Goggo Ladi maƙwabciyata ce, Kirista, mijinta ya rasu a gona shekarun tashin hankali, tana riƙe da jikoki. Bara ni na ce wa mata su kai dankalinsu. Ita ta ce ba ta yarda da ginin ba, amma tun da Malama mai Alƙur'ani ta ce a kai, za ta kai. Ta kai duka, har wanda ta ware na iri. Da damina ta faɗi, ganyen dankali ta bi gida-gida tana roƙa ta dasa. Ba ta taɓa faɗa mini baƙar magana ba. Kullum sai ta gaishe ni ta kan katanga, ni kuwa na rasa inda zan sa idona. Sunana da amanata ka ara, Injiniya, ka kulle su a ɗakin nan.

Don haka ga amsar mata: bana ko ƙwaya ba za mu kai ba. Mun haƙa ramukanmu. In baƙinka na son ganin dankali, su yi sallama a gidajenmu, za mu gasa musu.

Roƙona kaɗan ne. Kada a yi wa wani ƙauye irin wannan gini sai an zauna da matansa. A bar makulli inda dankali yake. Kuma idan ka zo, kafin hoto, ka shiga gidan Goggo Ladi ka faɗa mata da bakinka cewa zanen naka ne. Ba diyya take nema ba. Ni ce nake so in sake iya amsa gaisuwarta.

Allah ya ƙara maka ilimi, ya sa mai amfani ne. Allah ya tsare ka a hanya, ya raba ka da ranar da za ka tsaya a bakin ƙofa abincin 'ya'yanka na ruɓewa a ciki.

Wassalam.

Malama Hauwa'u,
Gundumar Gayam, Birnin Gwari.