Kujerar da Lauyana Ya Jawo wa Baffa

Zuwa ga: Shugaban Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi
Daga: Kafinta, mai shagon da ke jikin gidan marigayi mahaifinsa
Kwanan wata: 9 ga Mayu

Game da: Sakacin lauyan da ke wakiltata a shari'ar shago

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Yayana ya kai ni kotu, yana neman fitar da ni daga shagon da nake aiki tun gashina yana baƙi. Ranar 3 ga Maris na je ofishin lauya tare da Baffa, ƙanin mahaifinmu, domin an raine ni a kan cewa ba a zuwa babbar magana ba tare da babba ba.

2. Lauyan ya ce in saki jiki, abin da na faɗa masa sirri ne da doka ta kare. Da hannunsa ya jawo wa Baffa kujera, har da kunna masa fanka. Bai ce uffan ba game da kunne na uku.

3. Na saki jikin kuwa. Na shaida masa cewa mahaifina ya ba ni shagon, amma daga ni sai shi, babu shaida. Baffa yana gyangyaɗi, hularsa ta rufe ido ɗaya.

4. Ranar 28 ga Afrilu lauyan yayana ya kira Baffa shaida. Lauyana ya miƙe da batun sirri, alƙali ya ce maganar da aka yi gaban mutum na uku ta tashi daga sirri. Baffa, dattijon da ke manta inda ya ajiye takalminsa, ya maimaita zancena tiryan-tiryan. Ban ga laifinsa ba, rantsuwa ya sha. Ni ne shashashan da ya ɗauko shi a babur zuwa ofishin lauyan, na kuma mayar da shi gida.

Ranka ya daɗe, ni katako na sani. Wanda ya karanta doka shi ya kamata ya ce Baffa ya jira a waje.

Ina roƙon a binciki lauyan nan, a kuma umarce shi ya miƙa fayil ɗina ga wani lauya kafin zama na gaba, ko Allah zai sa in tsira da shagon.

Wannan takarda ni kaɗai na rubuta, ban nuna wa kowa ba. Ƙyauren ma sai da na kulle.

Naka cikin ladabi da biyayya,
Kafinta
(Sa hannu)