Ƙeyar Baba a Bakin Tafki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke an ɗaura mini aure da Idi, ɗan maƙwabcinmu mai saƙa, ranar Juma'ar da ta wuce. Sai dai ba a zauren Kawu aka ɗaura ba, a bakin tafkin nan na gindin dutse ne, can bayan Ɗan Barto, a kan iyaka.

Kin san dalili. Tun ina goye a bayanki Baba ya tsallaka iyaka zuwa ƙasar da Ingilishi ke mulki, lokacin da Nasaran da ke mulkinmu ke kama maza aikin dole. An daɗe da daina kamun, amma har yau ya ƙi yarda, wai sunansa na nan a littafin kumandan, baturen mulki. Ya aiko cewa garinmu Matameye dai ba zai shiga ba, amma in an zo tafki zai zo ya shaida.

Amarya ba ta zuwa wurin ɗaurin aure, na sani. Kuka na yi wa Gwaggo har ta gaji, ta ɗora mini tulu, muka bi su a baya kamar masu ɗibar ruwa. Muka tsaya a ɗaya gaɓar, cikin ciyawa. So nake in ga fuskar ubana sau ɗaya, shi ke nan.

Tabarma biyu aka shimfiɗa, ga ƙwaryar goro a tsakiya. Liman, Kawu, dangin Idi biyu, sai baƙi uku daga ƙetare. A cikin baƙin akwai wani fari mai furfura, yana ta waiwayo mu yana murmushi. Na ce a raina wannan ne. Har na gano hancina a fuskarsa, Inna. Na kafa masa ido ina hawaye har aka shafa fatiha.

Sai a hanyar gida Gwaggo ta ce mini ai wannan mai sayar da goro ne, rakiya ya yo. Baba shi ne dogon nan mai koɗaɗɗiyar shuɗiyar riga, wanda tun da ya hango mu ya juya mana baya, ya fuskanci dutse har aka tashi.

Ni da na girma a hannunki, yaya aka yi ban gane ba? Ni ce 'yar fari. Ke kanki ba ki taɓa kiran sunana ba, sai dai ki ce, "Ke, zo nan." A gaban mutane ko kallona ba kya yi, amma ƙanzon tuwo kullum ni kike ɓoye wa.

To ke na ga ƙanzon. Shi kuwa ƙeya kawai na gani. Gwaggo ta ce kunya ce, kuma tafiyar kwana biyu ya yi a ƙasa don ya zauna a tabarmar nan. Wani lokaci in yarda, wani lokaci in ce mutumin da ya shekara goma sha bakwai bai ga 'yarsa ba, ai ko da wutsiyar ido ya saci kallo. Ko ya sata ina can ina kallon mai goro? Wallahi ban sani ba. Ke kaɗai kika san halinsa, ga shi ba kya nan.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya ba Baba tsawon rai har ranar da zai juyo.

Ni ce taki,
wadda kike ce wa "Ke".