Dutsen Guga a Kan Ƙamus ɗin Baba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da jaririyarku. Allah ya raya mana ita, ya ƙara muku lafiya. Mu nan lafiya lau, sai kewarku. Inna na nan da ciwon gwiwarta da faɗanta, ka san ba ta rabo da su.

Maganar Baba ce ta sa na rubuto, amma kwantar da hankalinka, alheri ne. Ka san wata huɗu ke nan tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai furta ko kalma ɗaya ba. Mutumin da ya shekara talatin yana koyar da Turanci, wanda ko gaisuwa ka yi sai ya gyara maka, ya koma sai ido. Likita ta ce in aka kai wata shida maganar ba ta dawo ba, mu fara haƙura. Na ɓoye maka wannan ne don na san halinka, da ka daina cin abinci.

To, ranar Talata da hantsi ina ɗinki a falo, Inna na taya ni goge rigunan masu kaya. Ta rasa inda za ta ajiye dutsen guga, sai kawai ta ɗora shi da zafinsa a kan babban ƙamus ɗin Baba, jan nan wanda da muna yara ko taɓa shi ba mu isa mu yi ba. Baba na kujerarsa a bakin taga. Ya zaro ido, sai muka ji ya ce, "Outrageous!" Wallahi Auta, ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Ita kuwa Inna ta tsaya tana tambayata ko zaginta ya yi.

Tun daga ranar magana ke dawowa kaɗan-kaɗan, kuma ka san abin da ya fara yi da ita: darasi. Kwana uku ya ɗauka yana haɗa mana bayani guntu-guntu. Wai ba a faɗin kalmar don shayi ya huce ko an ɓata maka lokaci. Sai ka ga abin da bai kamata ba, mamaki ya fara kama ka, sannan ranka ya ɓaci, kamar a ƙona littafi da ido biyu. Inna ta ce in haka ne, sauran littattafan ma su shirya. Da muka ba likita labari, ta yi dariya har da hawaye, ta ce a ci gaba da tsokanarsa, amma da sauƙi.

Jiya da safe Baba ya tambaye ka. Na ce kullum kana kirana, shirun nasa ne ba ka iya jurewa a waya. Sai ya ce, "Ya kira. Ni zan ɗauka."

Inna na gaishe ku, haka Kawu da Goggo. Ka shafa mini kan jaririya. Wayar Baba na gefen kujerarsa, na cika mata caji.

Taka har kullum,
Yayarka