Rakiyar Baƙon Sarki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga Yasore ta ƙasar Katsina, daga hannun matarka Hajara, zuwa gare ka maigida, duk inda wannan takarda ta riske ka. Gaisuwa da ban girma irin wadda mace ke yi wa mijinta, da tambayar lafiyar jikinka, da gajiyar hanya, da baƙunta, in har yanzu baƙo ne kai a can. Mu nan sai godiyar Allah. Inna mahaifiyarka tana raye, amma idanun sun tafi gaba ɗaya.

Na gaishe ka don haka aka koya mini a gidanmu. Abin da zai biyo baya ba gaisuwa ba ce.

Ban san garin da kake ba, in ma gari ne. Shi ya sa na ba madugun ayarin gishiri takardar nan a buɗe, na roƙe shi duk zangon da suka sauka ya samu mai karatu ya karanta ta da ƙarfi. Ban taɓa kiran sunanka ba, yau ma ba zan fara ba. Masu saurare za su gane ka: Bakatsine dogo mai wushirya, mai jan akalar raƙumin shugaban Abzinawa. In ka ji kunya a gaban mutane, to ka ɗanɗana kaɗan daga abin da nake sha a bakin rijiya.

Ga maganar tun farko, don na san ka da tashi a tsakiyar zance. Alƙali ya yanka maka wa'adi. In ayarin baɗi ya sauko ba ka cikinsa, zai raba aurenmu, yayyena su zo daga Tsaskiya su tafi da ni, Inna ta zauna a gidan nan daga ita sai sandarta.

Ka tuna yadda abin ya faro. Ana tsakiyar kaka, an yanke gero, dawa na tsaye, sai ga dogarai da shela: shugaban Abzinawa zai kawo wa Sarkin Katsina ziyara, kuma ta wajenmu zai bi, don hanyar arewa ba ta biyuwa saboda mahara. Aka ce ba gadon sarauta ya yi ba, manyan mutanensa ne suka zauna suka zaɓe shi, ran da suka gaji da shi kuwa sai su sauke shi. Maza suka yi ta juya wannan magana a gindin tsamiya, kai ne kan gaba. Ka dawo gida kana ba ni labari tuwo na hucewa, sai ka ce kai aka zaɓa.

Aka kwashe ku daga gona aka sa ku sharar hanya, kuna saran ƙaya kuna cike ramuka, daga Batsari har Safana. Kowane gida ya ba da dami, mata muka kwana biyu muna daka, aka bi rugage aka tattaro nono. Kafin ku dawo kan dawarmu tsuntsaye sun yi walima. Ragon da Inna ta turke don layya ma bai tsira ba. Da aka zo kwance shi ba ta ce komai ba sai, “Baƙon Sarki ai sarki ne, Allah shi sa ya ci da lafiya.” Kai ka riƙe musu igiyar har ƙofar gida.

Ranar da zai iso aka jera mu a bakin hanya tun hantsi, bai ɓullo ba sai la'asar sakaliya. Yana bisa farin raƙumi, ya rufe fuska da baƙin rawani, ido kawai ake gani. Aka miƙa masa nono, ya cusa ƙwaryar ƙarƙashin rawanin ya kurɓa sau ɗaya ya mayar. Bukkokin da kuka sha wahalar gina masa ko leƙa su bai yi ba, mutanensa suka kafa masa tantin fata a fili. Raƙumansa kuwa suka kwana a gonakin wake. Na yi guɗa har muryata ta dushe saboda mutumin da har yau ban sani ba ko yana da hanci.

Daga baya muka ji a Birnin Katsina an yi ta zama, an yi musayar kyauta, an ƙulla alkawari kan hanyar gishiri da kanwa, an shafa fatiha. Mu dai gishiri bai yi araha a kasuwar Batsari ba, mahara ma ba su ji labarin alkawarin ba. Rabonmu a ziyarar shi ne kashin raƙuma, shi ma mai gari ya sa aka kwashe aka kai gonarsa.

Duk wannan da na haɗiye shi kamar yadda kowa ya haɗiye. Talaka ya saba, baƙon manya in ya wuce sai a share gida a ci gaba. Abin da ban haɗiye ba shi ne kai.

Washegarin saukarsa da safe mai gari ya zaɓi magidanta ya ce ku raka baƙon Sarki har ya sallame ku. Ka sa rigarka ta Sallah, ka leƙa ɗakin Inna ka ce mata rakiya ce kawai. Ni ko sallama ba ka yi mini ba, ina wajen turmi, kuma wa ke sallama don rakiya?

Yaro ma ya san yadda ake rakiya. Ka taka wa baƙo, ya ce ka koma haka nan ya gode, ka ɗan ƙara gaba don ladabi, ya sake faɗa, ka juyo. Ashe su a wajensu babban mutum ba ya ce wa wanda ya biyo shi ya koma, abin kunya ne, kamar ya ce ba zai iya ciyar da shi ba. Ku kuna jiran sallama, shi yana jira ku gaji don kanku. Abokan tafiyarka suka gano haka a Safana, suka yi ta sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabcinmu Tanko ya ce har rigarka ya ja, ka fizge ka ce, “Ba a sallame mu ba, ni ba zan ba Yasore kunya ba.”

Garin nan ya yi dariya har ya gaji. Ni ma da farko na yi, don na ce iyakarta Birni, ka ga fada, ka ci shinkafar manya, ka dawo ka ishe mu da labari.

Da baƙon ya tashi komawa, ta bayan garinmu ayarinsa ya wuce da sassafe. Mata masu ɗiban ruwa suka gan ka. An naɗa maka baƙin rawani irin nasu, ka rufe baki, kana riƙe da akala. Suka kira ka, ka ɗaga musu hannu. Daga inda kake ana hango hayaƙin gidanka, ni ce a bakin murhun ina dama wa uwarka koko.

Don haka kada ka aiko mini da zancen kunya. Kunya takan kai mutum Safana, in ta yi yawa ta kai shi Birni. Abin da ya wuce da kai ta ƙofar uwarka son girma ne, kuma na daɗe da sanin kana da shi. Ko wajen suna aka je, sai ka yi ta matsawa har gefen tabarmar mai gari. Ka fi son a ce kai ne mai jan raƙumin babban mutum da a ce kai ne mai gonar nan. To ga shi ka samu. Ran da mutanensa suka gaji da shi suka sauke shi, ina so in ji raƙumin wa za ka ja.

Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa, har na daina lissafi. Gonarka na noma abin da ƙarfina ya kai, sauran ta zama saura. Da kaɗin auduga nake ciyar da mu, yatsuna duk sun yi kanta. Idon Inna ya fara da hazo, ta riƙa kiran kaza kyanwa muna dariya, daga baya dariyar ta ƙare. Ni ke kai ta bayan gida, ni ke juya ta ta fuskanci alƙibla.

Sau ɗaya ka tuna da mu, ka aiko da kantun gishiri da dabino. Inna ta shafa kantun da hannu biyu, ta tambayi mai kawowa ko akwai magana, ya ce babu. Dabinon na raba wa yaran unguwa. Gishirin ban sa shi a miya ba, yana nan bayan randa danshi na cinsa.

An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Naka gidan bai bar ka ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da mugu ne kai da na huta. Amma na tuna lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni ina amarya, ka riƙa ɗauko ruwa da asuba kana ɓuya kada maza su gan ka da tulu, ka zuba a randa ka ce wai maƙwabta ne suka taimaka. Wannan mutumin nake so har yanzu, ina faɗa a gaban duk mai saurare, kuma ina jin haushin kaina da nake sonsa.

Kada ka ɗauka ni na kai ƙararka. Yayyena sun zo ba sau ɗaya ba, na mayar da su. Inna ce ta ce in kai ta Safana, wai ta ji labarin mai maganin ido. Ni na ɗora ta a jaki, ni na ja shi. Da muka shiga gari ta ce in tambayi gidan alƙali. Ta zauna a gabansa ta ce, “Allah shi gafarta malam, ɗa na haifa, ɗiya kuwa Allah ya ba ni. Ɗan ya tafi rakiya. Ka kwance mini ɗiyar nan ta je ta yi goyo tun da sauran ƙuruciyarta, ni na saba da duhu.” Alƙali ya tambaye ni ko ka bar mini ci da sha. Na so in rufa maka asiri, amma ban iya yin ƙarya a gaban shari'a ba. A hanyar dawowa na yi mata faɗa irin wanda ban taɓa yi wa babba ba, ta bar ni na gama, sannan ta ce in ja jakin a hankali bayanta na ciwo.

Tun daga ranar take koyon zama babu ni. Ta hana ni riƙe mata hannu, tana laluben bango daga ɗaki zuwa randa. Jiya ta ƙona yatsu wajen gwada hura wuta, ta ɓoye hannun a zane don kada in gani.

Maigida, ka zo tare da ayari. In ka zo za ka sha faɗa, za ka kuma sha fura. In ka makara, ni ba za ka same ni ba, amma ka zo duk da haka, don ba ta iya hura wutar ba, kuma ba za ta iya ba.

Allah Ya tsare ka daga ƙishirwar hanya da sharrin mahara. Allah Ya sa takardar nan ta same ka da rai, Ya sa kunnenka ya ji. Allah Ya ja kwanan Inna har ta shafa fuskarka da hannunta. Amin.

Matarka, har ayari ya sauko,
Hajara.