Ƙafar da Terngu Ya Riƙe

Agyaragu, ranar Laraba

Assalamu alaikum Gwaggo Falmata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya kasuwar gishiri? Na ba Ɗanmusa direba wannan takarda ne saboda Baba ya ƙwace min waya.

Gwaggo, an yi ɓarna. Kin san Baba ne shugaban 'yan banga, kuma tun da aka fara satar doya yake kwana a rumbunmu na gona. Shekaranjiya da dare ya kurma ihu. Yaransa suka ruga da adduna da gora, suka tarar da Terngu, maƙwabcin gonarmu, durƙushe riƙe da ƙafar Baba. Ba wanda ya tsaya tambaya. Sun fasa masa kai, sun karya masa haƙarƙari, wani ya sare shi a gwiwa har ƙashi ya fito. Yana asibiti can wajenku Lafia.

Ni na san dalilin ihun. Jijiyar ƙafar Baba ce ta ɗaure. Ya daɗe yana fama, cikin dare naman sha-raɓarsa ya dunƙule kamar dutse, ni nake tashi in miƙe masa. Sewuese matar Terngu ta zo tana birgima a ƙofarmu tana cewa, "Miji na ya ji ihu ne, ya tafi taimako. Haka ya na ja mini yatsa lokacin ina da ciki." Baba yana ɗaki yana ji, bai fito ba. Da na ce zan faɗa, ya mare ni har kunnena ya toshe.

Yaran sun ce ranar Asabar za su ƙone gidan Terngu, kuma akwai ƙananan yara a ciki. Tsoro nake ji, Gwaggo. Ke kaɗai yake jin maganarki.

'Yarki,
Rahmat

Lafia, ranar Alhamis

Mika'ilu,

Na gaishe ka don musulunci ya ce a yi sallama. Da ka ɗauki wayata da ka ji abin da takarda ba za ta iya ɗauka ba.

Na je asibitin. Ƙafar Terngu ta kumbura ta yi baƙi, likita yana girgiza kai. Duk da haka abin da ya fara tambayata shi ne, "Mama, ƙafa na Oga ya saki?"

Ka ji kunya. Wannan ciwon na gidanmu ne, ko ka manta yadda marigayi Babanmu yake tashe mu da salati? Kana wuni cikin rana kana haƙar doya, gumi yana zuba, ba ka shan ruwa wai kai soja. Ga maganin hawan jinin nan mai sa ka fitsari, ga tsayuwar sintiri, ga shekaru da kake ɓoyewa da baƙin shuni a gemu. Ina jijiya ba za ta ɗaure ba? Maganin bai fi ka miƙe ƙafar, ka jawo yatsun zuwa ƙwauri, a murza naman, a gasa da tsumma mai ɗumi ba. Kafin ka kwanta ka dafa bango ka miƙe sha-raɓar, ka sha ruwa, ka kuma kai wa likita ƙwayoyin ya duba. Abin da bawan Allah nan yake yi maka ke nan aka sare shi a gabanka.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. In wuta ta taɓa gidan nan ranar Asabar, ni da kai sai a lahira.

Yayarka,
Falmata

Agyaragu, ranar Juma'a

Yaya Falmata,

Ina gaisuwa da ladabi. Saƙonki ya iso.

Ke kina zaune gaban buhun gishiri, ba ki san yaran nan ba. Tsorona da suke ji ne kaɗai yake riƙe da su. Na taɓa kwana da harsashin bindigar toka a cinya ban yi tari ba. Yanzu in tsaya in ce musu jijiya ce ta sa ni ihu kamar mai haihuwa? Daga ranar ba mai ƙara jin maganata. A daren kuwa bayan ihun bakina ya kasa buɗewa don azaba, da ta sake ni an riga an gama. Ban ce ɓarawo ba ne, shiru kawai na yi.

Ki yi min addu'a.

Mika'ilu

Agyaragu, ranar Lahadi

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Ba a ƙone gidan ba.

Yaran sun zo jiya da jarkar fetur bayan la'asar, suka tarar da Baba tsaye a ƙofar Terngu, ba sanda ba adda. Ya nannaɗe wandonsa ya nuna musu ƙafar, ko ƙwarzane babu, ya faɗi komai. Da farko dariya suka yi. Sai wanda ya yi saran ya fahimci shi zai amsa tambayar hukuma, ya ce, "Oga, kai ne ka sa mu cikin wannan kes!" Ya kwaɗa wa Baba gora a baki, haƙora biyu suka zube. Sauran suka yi ta jifansa da hoge, bai matsa daga ƙofar ba har dattawa suka iso. Fetur ɗin a rumbunmu suka juye shi, doyar bana ta ƙone ƙurmus.

Baba ya mayar min da wayata. Yau da asuba ya hau motar Ɗanmusa zuwa asibiti. Raina bai daina ɓaci da shi ba, amma na yi kuka da na ga bakinsa.

Rahmat

Lafia, ranar Talata

Yaya,

Ina gaisuwa. Kin ƙi ɗaukar wayata, ban ga laifinki ba.

An yanke ƙafar Terngu daga gwiwa. Ni nake kwana a gefen gadonsa, Sewuese ba ta kallona. Jiya cikin dare ya farka yana ihu, ya ce ƙafar ta ɗaure, in ja masa yatsun. Na tashi da sauri na ɗaga zanen.

Kin koya min duk yadda ake yi, Yaya. Ki faɗa min inda zan kama.

Ƙaninki,
Mika'ilu